Neman shawara kan kaset-kaset ɗin kawunmu mai jita

ɗan_birni:
Assalamu alaikum jama'a. Kawuna ƙanen mahaifiyarmu Allah ya yi mai rasuwa satin da ya wuce nan Birnin Kebbi, Allah ya sa mu cika da imani. Na san da yawanku kun san shi ko ba ku san sunanshi ba, telan nan ne mai jita da ake kira wurin biki da suna. Sana'arshi ɗinki ce, kiɗan sai dare, kuma bai taɓa shiga situdiyo ba, lokacin da abokanshi sunka matsa mai ya tafi Kano ana harkar waƙoƙin fim cewa ya yi wa zai bar wa tsohuwarshi da marayun yayanshi da ke hannunshi, haka ya zauna, kuɗin liƙi kuwa kafin gari ya waye sun zama shinkafa da kuɗin makarantar yara. To yanzu mun samu jaka cike da kaset a ɗakinshi, duk kiɗanshi ne da ya ɗauka da rediyo, kuma gidan babu abin saurare. Ya za a yi mu maida su cikin waya ba tare da sun lalace ba? Wanda ke da bidiyonshi na biki don Allah ya taimaka mana.

Bajege:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi sai yanzu nake ji. Mutumin nan ya zo mana Jega bikin abokinshi, shi ya biya kuɗin motarshi, da aka haɗa mai ɗan abin sallama ya miƙa wa uwar amarya ya ce a ƙara cikin gara. Kuma hannunshi daban ne, jita ce mai tsirkiya shida amma yadda yake bugunta da babban yatsa sai ka rantse molo kake ji, ga wani salo irin na Zabarmawa da yake sakawa, irin wanda ake ji wajen Kamba da Gaya. Ranar tsirkiya ɗaya ta tsinke mai ana tsakiyar wasa, bai ce komai ba ya aika yaro wurin mai gyaran keke aka kawo wayar birki, ya warware zare ɗaya ya ɗaura ya ja ya saita da kunne aka ci gaba. Allah ya jiƙanshi. Ina da ɗan bidiyo a tsohuwar wayata, zan duba.

mai_gyaran_rediyo:
Allah ya gafarta mai. Abu na farko kada ku saka kaset ɗin cikin kowace rediyo da kunka samu, in robar da ke jan zaren ta bushe ko ta yi danƙo cinye shi za ta yi. A fara gwadawa da kaset da ba a damu da shi ba, a goge kan da ke karanta zaren kaset cikin rediyon da auduga da ɗan sifirit. Kaset da ya daɗe ajiye cikin zafi da ƙura zarenshi na mannewa, sai ka sa biro ka juya shi a hankali har ƙarshe ka dawo da shi. Bayan nan ka nemi waya mai baki biyu irin na iyafis, 3.5mm, ɗaya a rediyo ɗaya a kwamfuta, ka ɗauka da Audacity, manhajar ɗaukar sauti ce ta kwamfuta, kyauta ce. Kada ka ƙure murya sai ta fashe. Ka aje asalin a WAV, wato tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, sannan ka fitar da MP3 na turawa a WhatsApp, kuma a aje wuri biyu don memori na mutuwa ba sallama. Kaset ɗin ma kada a zubar.

'Yar Argungu:
Ɗana, sannunku da haƙuri. Ni dai abin da zan ce, kafin ku watsa komai ku fara zama da matarshi, tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, kada ta buɗe waya ta ci karo da muryar mijinta a gurup ba shiri. Irin waɗannan kaset ɗin wani lokaci har hirar cikin gida ke ciki, da waƙar da ya yi wa 'ya'yanshi su kaɗai, wannan ba na duniya ba ne. Sannan ku bincika bashi, tela ba ya rasa ɗinkin mutane a shago, a maida wa kowa kayanshi. Jitar kuma gado ce, a sa ta cikin lissafi, in akwai yaron da ya koya a hannunshi magada su yi shawara su bar mai.

ɗan_birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mama maganarki gaskiya ce, mun bar turawa sai ta yarda, kayan shago kuma an fara rabawa tun bayan sadakar uku. Ƙaramin cikin marayun shi ke bugawa, kullum yana gefenshi. Mai gyara, rediyon da munka samu ba ta da wurin iyafis sai ramukan saka waya, ja da fari, a baya, wannan zai yi ko sai mun nemi wata?