A ina zan samu rigar ceto ta yara kafin mu je tafkin Lagdo?

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman taimako, abin ya ishe ni.

A hutun nan na Agusta dangi za su haɗu a gidanmu a Garwa, mu 23, har da na Marwa da Ngaundere. Mun shirya kwana biyu a Lagdo, kuma yara sun ɗora rai a kan shiga kwalekwale zuwa tsibiri. Yaran tara ne, ƙaraminsu shekara huɗu, babu wanda ya iya iyo. Ga damina, ruwa na ta ƙaruwa, ga dorina. Hajiyarmu ta ce ba jikan da zai taka jirgi ba rigar ceto, kuma gaskiyarta.

Masu kwalekwale uku na kira, biyu ba su da riga ko ɗaya, ɗayan na manya kawai gare shi. Na zaga babbar kasuwa na sayo mafi ƙanƙanta, muka gwada wa 'yata mai shekara shida a cikin baho, rigar ta taso ta rufe mata fuska ko da na ɗaure igiyoyin tamau. Wani ya ce a ɗaura musu jarka, wannan kam ban yarda ba.

Wa ya san inda ake sayarwa ko hayar rigar ceto daidai jikin yara, mai igiya ta tsakanin ƙafafu, a Garwa ko Lagdo? Saura kwana 12. Na gode.