Masu ƙaramin jirgi a Kano, me kuka gani bayan an biya kuɗi?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abokin hulɗata da ke Amurka ya turo mini hotunan ƙaramin jirgi Cessna 172 ƙirar 1978, mai kujera huɗu, fenti sabo fil, wai mai shi ya manyanta zai sayar. Da na juya kuɗin a farashin Wapa, sai na ga bai kai na wasu motocin da ake hawa a garin nan ba. Yarona ya gama makarantar tuƙin jirgi ta Zariya, lasisi na hannunsa amma aiki bai samu ba, yana zaune awannin tashinsa ba sa ƙaruwa. Ni kuma ba na rabuwa da hanyar Abuja da Katsina, wani lokaci har Maiduguri. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan jirgi a Kano, ko ya yi masa aiki, don Allah ya faɗa mini abin da idonsa ya gani. Ban da ji-ta-ji-ta.

Injiniyan Hanga:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ku ajiye maganar fenti tukuna. Me za ku ba shi ya sha?

Injin wannan jirgi mai fistan ne, abgas yake sha, wato fetur ɗin jirgi, wanda ake kira 100LL, mai launin shuɗi. Tankokin da kuke gani suna kai-komo a filin Malam Aminu Kano kuwa Jet A-1 suke ɗauka, kananzir ɗin manyan jirage. Ba a haɗa su, ba a musanya su. Idan aka ɗura wa injin abgas kananzir, yana iya tashi lafiya da ragowar man da ke cikin layi, sai an rabu da ƙasa ya mutu. Jirgin da na daɗe ina kula da shi, a duro muke samo masa mai daga kudu, kuma ba kullum ake samu ba. Duro ya sha rana a hanya, ya kwana a sanyi, ruwa ya taru a gindinsa. Kowace safiya sai mun tatsi mai daga ƙarƙashin fiffike cikin ɗan kofi mai haske, mu ɗaga shi sama. In da ruwa za ku gan shi ya kwanta a ƙasa, ɗigo-ɗigo, shuɗin na bisa. A ci gaba da tatsa har ya fito tas. Jirgin nan yana shan wajen lita 30 zuwa 35 a awa, ku yi lissafin duro nawa ke nan a wata.

Ba banza ba kwalejin Zariya, da aka kafa tun 1964, ta sayo jiragen Diamond DA40 da DA42 masu shan Jet A-1. Ku tambayi yaron naku, ya sani.

Sai injin kansa. 172 na 1977 zuwa 1980 sun zo da injin kamfanin Lycoming, O-320-H2AD, mai ƙarfin doki 160, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san shi da cin sandar da ke buɗe bawul. Da yawa an gyara, wasu an sauya musu inji gaba ɗaya. Ku tambaya wanne ne a ciki yanzu. Kamfanin ya ce a yi wa irinsa garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Wannan na biyun ne masu sayarwa ba sa son ambata. Za a ce muku "awa 600 kacal ya yi", a yi shiru a kan cewa garambawul ɗin tun zamanin Obasanjo aka yi shi. Kuɗin garambawul kuwa dubban daloli ne gommai, a tsohon jirgi yakan kusa rabin kuɗinsa.

Tsohon Kyaftin:
Injiniya ya gama magana a kan mai. Ni zan ƙara da sararin Kano, don na ci shi rani da damina.

Alhaji, daga Disamba zuwa Fabrairu kada ku sa rai da jirgin nan. Tashi da ido yana buƙatar a hangi aƙalla kilomita 5. Ranar da hazo ya sauka sosai, daga bakin hanga, wato rumfar ajiye jirgi, ba a ganin hasumiyar filin. Manyan jirage ma da duk na'urorinsu akan karkatar da su ko a soke tashi, balle ɗan jirgi mai inji ɗaya da matuƙi sabon hannu. Kuma hazo mayaudari ne. A ƙasa ka ga rana, ka hau sama kaɗan ka nemi inda ƙasa da sama suka rabu ka rasa, ko'ina fari fat. Nan ne kunne ke yi wa mutum ƙarya, ya ji yana tafiya daidai alhali ya karkata.

Hazo na wucewa sai zafi. Filin Kano yana kan tsayin mita 476 daga teku. A watan Afrilu da rana tsaka, ma'auni ya kai 40, iska ta yi sirara, jirgi yana jin kansa tamkar a tsayin mita 1,500 yake. Gudu a titi ya ƙaru, hawa ya yi nauyi. Titin Kano dogo ne, ya haura kilomita 3, ba zai dame ku a nan ba, amma ba ko'ina ne Kano ba. Kujera huɗu kuma suna ne kawai. Duk abin da zai ɗauka bai wuce wajen kilo 400 ba, mai kaɗai in an cika tanki ya cinye fiye da 100. Ƙarti huɗu da jakunkuna ba za su shiga ba, in sun shiga ba za su tashi da daɗi ba. Da damina kuma hadarin yamma ne, wanda ba a ratsawa ko da wasa. Mu da sassafe muke fita, kafin azahar mun dawo.

A ranar da Allah ya ba da sarari dai, Abuja ba ta kai awa biyu ba, Katsina kuwa ba ta kai awa ɗaya ba. Daɗin wannan ban musa shi ba.

Ɗan Kwari:
Kyaftin, ranku ya daɗe, wato watannin da kasuwa ta fi ci ne jirgin zai kwanta ke nan.

Injiniyan Hanga:
Kwanciyar ce ma ciwon, Alhaji. Mutane suna zaton jirgin da ba ya tashi ba ya cin kuɗi. Baƙin mai ya tsiyaye daga saman inji, tsatsa ta kama ciki, musamman ita wannan sandar bawul ɗin da na faɗa. Lycoming da kansu sun ce in inji zai wuce kwana 30 bai yi aiki ba, a yi masa tanadin ajiya na musamman. Tayar da shi a ƙasa na minti goma ba ya wadatarwa, sai mai ya yi zafin da zai kori danshi, wato sai an tashi. Juyen mai kuma duk awa 50 ne ko wata huɗu, ko ya tashi ko bai tashi ba. Alherin Kano guda ɗaya: bushewar iska. Jikin jirgi ba ya rubewa a nan yadda yake yi a Legas ko Fatakwal. Amma abin da danshi ya bari ƙura ta ɗauka. Da hunturu na sha cire matatar iska in buga ta a tafin hannu, jar ƙasa ta zubo. Wadda ta tsallake matata kuwa cikin silinda take shiga ta yi ta gurzar ƙarfe.

Tsohon Kyaftin:
Ka manta da zanzaro, Injiniya. Akwai ɗan bututu a ƙarƙashin fiffiken hagu, bakinsa bai kai faɗin fensir ba, shi ke auna gudun jirgi a iska. Wata safiya bayan jirgi ya yi kwanaki a ajiye, mun sa wuta mun fara gudu a titi, sai na ga allurar gudu ko motsi. Na janye wuta, na taka birki, muka koma. Da aka leƙa da tocila, can ciki laka ce a daskare, zanzaro ya yi ɗaki har da tsutsarsa. Ashe mai wankin jirgi ya cire murfin bai mayar ba, ginin kuma ya yi zurfin da ba a ganinsa daga waje. Kada a raina wannan. Jirgin Birgenair da ya faɗa teku a Jamhuriyar Dominika a 1996 da mutum 189, Boeing 757 ne, kuma masu bincike toshewar wannan bututun suka gano, suna kyautata zaton irin wannan ƙwaro ne ya yi gini a ciki. Tsuntsaye ma sukan yi sheƙa a kan inji. Duk wata kafa a toshe ta, a rataya jan ƙyalle don kada a manta da ita.

Hajiyar Akanta:
Ni ba matuƙiya ba ce, amma ni na riƙe littafin kuɗin wani ƙaramin jirgi na kamfanin da na yi wa aiki, don haka bari in faɗi nawa. Baba Alhaji, abin nan doki ne: sayensa rana ɗaya, harawa kullum. Inshora da dala. Kayan gyara da dala, kuma kowane ƙarfe sai ya zo da takardar shaidarsa, babu zancen a leƙa Ƙofar Ruwa a samo makamancinsa. Kuɗin hanga, kuɗin sauka da ajiya na hukumar filayen jirgi FAAN, kuɗin jagora a sama na hukumar sararin samaniya NAMA, sabunta takardar lafiyar jirgi a hukumar kula da sufurin sama NCAA, albashin injiniya mai lasisin da zai sa hannu. Waɗannan duk suna tafiya ko farfela ba ta juya ba.

Abin da ya karya mu shi ne canji. Kafin Yunin 2023 dalar gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Kasafin da muka yi na shekara ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Akwai lokacin da jirgi ya zauna makonni saboda ɗan ƙaramin abu na maganeto, na'urar da ke ba inji wuta, da zai shiga aljihun riga, ana jira ya iso, ya iso kuma ana jiran ya fito daga hannun masu tantancewa.

Wata magana kuma, don na san halin 'yan kasuwarmu: kada ku ce za ku riƙa ba da haya don jirgi ya ciyar da kansa. Izinin da NCAA ke bai wa jirgin kai, wato PNCF, ya hana ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi. A 2024 an dakatar da izinin wasu saboda wannan. A shekarar ce kuma kwastan suka sake kiran masu jiragen kai su kawo takardun shigo da su. Ku biya abin da ya kamata tun a bakin shigowa, ku adana rasit.

Ɗan Nasarawa:
Jama'a kun tsorata Alhaji da yawa. Ni ina da kaso a jirgi, mu uku muka haɗa, kuma ban yi nadama ba. Dabarar ita ce jirgi ya riƙa tashi. Mutum ɗaya ba ya iya ba shi awannin da yake buƙata, uku suna iyawa. Kowa ya tashi awa ɗaya sai ya zuba wani abu a asusun garambawul, ko da ba a taɓa kuɗin ba sai bayan shekaru. Mun rubuta komai a gaban lauya, har da wanda zai ɗauke shi ranar sallah, don abota ba ta hana rigima.

A kwantena muka kawo namu, an cire fukafukai. Akwai masu tuƙo shi ta Kanada da Girinlan da Aislan su gangaro ta Turai, amma wannan sai ƙwararren da sana'arsa ke nan, da ƙarin tanki a ciki. Da ya iso aka haɗa, aka sauya rajista daga N ta Amurka zuwa 5N tamu.

Kwaskwarima kuwa, ni na ga amfanin wadda muka yi. Tsofaffin agogunan da ke aiki da famfon iska muka cire, muka sa Garmin G5 guda biyu da GPS na zamani, da na'urar neman agaji mai aiki a kan megahaz 406, tunda tauraron ɗan'adam ya daina sauraron tsohuwar ta 121.5 tun 2009. Kujerun fata da sabon fenti har yau ba mu yi ba, babu wanda ya mutu.

Injiniyan Hanga:
Yallaɓai, na yarda da haɗin gwiwa. Amma ka faɗa masa gaskiya, a ina kuke samun mai?

Ɗan Nasarawa:
To, nan kam ka kama ni. Duro ne mu ma. Shi ya sa muke tunanin sauya inji zuwa Continental CD-155 mai shan Jet A-1, akwai amincewar sa shi a 172. Yana shan mai kaɗan, sai dai kuɗin aikin ba wasa ba, kuma idan awanninsa suka cika sabo ake sawa. Ɗayanmu ya ce gara a sayar a nemi DA40 kai tsaye. Har yanzu ana ja.

Sabon Matuƙi:
Baba, ku gafarce ni in sa baki cikin maganar manya. Ni ma irin ɗanku ne, na gama ina jiran aiki. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne awanni, wannan gaskiya ne. Amma kamfanoni sun fi duba lasisin tuƙi da na'ura, da na inji biyu, da horo a kan irin jirgin da suke da shi. Idan don shi ne kawai, ku kwatanta kuɗin riƙe jirgi na shekara biyu da kuɗin wannan horon kafin ku yanke. Sannan don Allah kada a ce masa a ɗura fetur ɗin gidan mai don sauƙi. Akwai injunan da aka amince musu da shi bisa sharuɗɗa, amma duk mun tuna gurɓataccen fetur ɗin farkon 2022 da abin da ya yi wa motoci. Mota dai a gefen titi take tsayawa.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri, ya yi maka albarka yaro. Na bi shawarar Injiniya na ce a turo mini littattafan tarihin gyara. An turo na baya-bayan nan kawai, daga 2004. Wai na farkon sun ɓace a wani ƙaura da aka yi. Wannan babbar matsala ce, ko ana iya wucewa?

Injiniyan Hanga:
Babba ce, Alhaji. Shekara 26 ke nan ba ku san abin da ya same shi ba, ko ya taɓa dungurawa da hanci, ko an bi umarnin gyaran dole da hukuma ke fitarwa. A Amurka ma jirgin da littafinsa ya yi giɓi farashinsa faɗuwa yake, a nan kuma ku ne za ku tsaya gaban masu ba da takardar lafiya kuna bayani. Ku karɓi lambar rajistarsa, a nemi fayil ɗinsa daga FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, suna bayarwa da kuɗi kaɗan, akwai tarihin masu shi da takardun manyan gyare-gyaren da aka kai musu. Sannan ku ɗauki injiniyanku a can, ba na mai sayarwa ba, ya auna matsin kowace silinda, ya zura kyamara ciki, ya yanka matatar mai ya duba ko da ɓurɓushin ƙarfe, ya leƙa bangon da ke bayan inji wajen tayar gaba ko akwai lanƙwasa. In mai shi ya ƙi a buɗe, kada ku tura ko sisi. Ku turo mini hoton shafin garambawul na ƙarshe in ga kwanan watan da wanda ya sa hannu.