Shin doka ta ba kamfani damar cire kuɗin yunifom daga albashi?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana dokar ƙwadago. Ina aikin gadi a wani kamfanin tsaro mai zaman kansa a Kano, kuma tun da aka ɗauke mu ake zabtare wani kaso na albashinmu duk wata da sunan kuɗin yunifom, wato riga da wando da hula da takalmi masu ɗauke da tambarin kamfanin. Wanda ya zo bakin aiki ba tare da su ba, gida ake mayar da shi, kuma ranar da ya bar aiki sai an karɓe su, alhali shi ya biya kuɗinsu.

Na san sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya taƙaita abin da ake cirewa daga albashi, kuma jimillarsa ba za ta wuce kashi ɗaya bisa uku ba a wata. To, shin kayan da kamfani ya wajabta don amfanin kansa suna cikin abin da aka halatta cirewa? Idan cirewar ta mayar da albashinmu ƙasa da naira 70,000 na mafi ƙarancin albashin 2024, ina za mu fara kai kuka, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa?