Digiri na biyu kan ƙwayoyin cuta: in fara da PCR ko in dakata?

Hajara_TudunWada: Assalamu alaikum. Na samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Jos, ina so in yi aiki kan ƙwayoyin cutar E. coli masu bijire wa magani daga samfurin fitsari, in nemo blaCTX-M (ƙwayar halittar da ke sa su bijire wa wasu magunguna) da PCR (hanyar ninka guntun DNA har a iya ganinsa). Kuɗina kaɗan ne. Ta ina zan faro?

Malam_Ɗanjuma: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki taɓa samfuri ko ɗaya sai takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ta shigo hannunki, in ba haka ba mujalla ba za ta karɓi aikin ba. Kuma PCR ba da shi ake farawa ba. Fara tacewa a faranti: ki daidaita kaurin ƙwayoyin a 0.5 na ma'aunin McFarland, ki shimfiɗa kan abincin shuka ƙwayoyi na Mueller-Hinton, ki ɗora fayafayan magungunan cefotaxime da ceftazidime, kowanne shi kaɗai da kuma haɗe da sinadarin clavulanate. In da'irar da ƙwayoyin ba su tsiro ba a kewayen faifan ta ƙaru da milimita 5 ko fiye saboda clavulanate, ƙwayar na da ESBL, wato sinadarin da ke karya waɗannan magunguna. Masu ESBL kaɗai za ki kai PCR, kin ga kuɗin sinadari ya ragu. Fayafayan clavulanate ba sa jure zafi da laima. A firiza ake ajiye su, a bar kwalbar ta huce sanyi kafin a buɗe.

Dakta_Rifkatu: Ƙari kan maganar Malam. Inda ɗalibai suka fi kuka shi ne ajiya. Ki zuba kowace ƙwaya a romon da ke da gilisarin kashi 20 cikin ɗari, kwalba biyu, a firiza biyu daban, mai sanyin -80°C in da hali. Wuta ta ɗauke, ya narke ya sake daskarewa, ƙwayoyin na mutuwa. Yawan sake shuka kuma kan sa filasmid (ɗan zoben DNA) ɗin da ke ɗauke da abin da kike nema ya ɓace.

Ciro DNA ba sai da kit mai tsada ba: ƙwayoyi kaɗan a ruwa tsaftatacce maikirolita 200, tafasawa minti 10, ki juya a santirifuj, ki ɗebi na sama. Maikirolita 2 ya isa a haɗin PCR mai maikirolita 25. Ki rarraba firaima (gajerun guntayen DNA da PCR ke farawa da su) a ƙananan bututu tun ranar farko. Bututun da kika sa ruwa zalla maimakon DNA, in ya nuna layi a jel ɗin duba sakamakon PCR, gurɓata ce, zubar da zagayen duka.

Malam_Ɗanjuma: A kula, ƙwayar da ake tabbatar da ingancin gwaji da ita, K. pneumoniae ATCC 700603, ta gwajin faranti ce, wani nau'in ESBL daban mai suna SHV-18 gare ta. Ba za ta ba ki layin CTX-M ba, sai ki ta zargin injin banza.

Bala_Bukuru: In na'ura ta yi wuya, malaminki ya rubuta wasiƙa zuwa Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, ga ta nan kusa. Ki tambayi kuɗin benci, wato na amfani da ɗakin gwajinsu, a rubuce kafin ki ƙayyade yawan samfuri.

Hajara_TudunWada: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Dakta, jel ɗin kashi nawa?

Dakta_Rifkatu: 1.5, da ma'aunin tsawon DNA na 100 bp a ramin farko.