Wane DAC ya dace da amfilifaya a nan Damagaram?

Habu: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema. Ina da tsohuwar amfilifaya da na gada wurin kawuna da lasifika biyu na katako, lafiyarsu lau. Kwamfutar hannu ke ba su sauti ta ramin abin kunne. Da na sa ta caji sai wani ƙugi ya taso ƙasa-ƙasa, in na motsa linzami kuma a ji tsiii cikin lasifika. Ina kuma so in haɗa tele, amma ba ta da mafitar sauti sai ramin nan mai jar wuta. An ce mini DAC zan saya. Jika sittin gare ni, wato sefa dubu sittin. Wanne za ku ce?

Mutari mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam. Habu, DAC ai kana da shi tuni, yana cikin kwamfutar. Shi ke mai da lambobin da ke cikin fayil su koma wutar sauti da amfilifaya za ta ƙara wa ƙarfi. Matsalarsa maƙwabta: yana manne da sauran kayan kwamfutar, duk hayaniyarsu yana kwasa, shi ne tsiii ɗin da kake ji. Na waje yawanci yakan kashe wannan. Amma ƙugin caji wani ciwo ne daban, kar wani ya yi maka alkawari. Daga caja yake bin layin ƙasa na wayar har cikin amfilifaya, kuma wayar USB ita ma tana da wannan layi, don haka zai iya biyo sabon DAC ɗin. Ramin jar wutar kuwa, wato TOSLINK na kamfanin Toshiba, haske yake aikawa, babu tagulla tsakani, ƙugi ba shi da hanya. Ta wajen tele ka huta. Ta wajen kwamfuta sai an gwada.

Mushe Lawali: Ƙari kan maganar Mutari. Za ka ga kwali an rubuta 32 bit da 768 kHz da manyan baƙaƙe, kar wannan ya ja ka. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, da 16 bit. Rabin wannan adadi, 22,050, shi ne iyakar siririn sautin da zai iya riƙewa, kunnen yaro mai lafiya kuwa wajen 20,000 yake tsayawa, mu da muka manyanta ƙasa da haka sosai. 16 bit kuma na ba da tazarar desibel 96 tsakanin mafi ƙaranci da mafi ƙarar sauti. A ɗakin da fanka ke juyawa, babura na wucewa waje, ko kusa ba za ka cinye wannan tazara ba. Ka duba ramukan da ke bayan akwatin kawai: USB na kwamfuta, TOSLINK na tele, RCA ja da fari na amfilifaya.

Alhaji Issa: Mushe, a lissafi ba na ja da kai, amma kunne ma shaida ne. Ina da iFi Zen DAC, mai ƙwaƙwalwar Burr-Brown a ciki. Ranar da na haɗa shi na sa kiɗan fada, algaita ta daina soke mini kunne, kalangu kuma har lanƙwasar muryarsa ana ji lokacin da makaɗi ya matse tsirkiya a hammata. Da, duk a cakuɗe suke. Ni shi zan ce yaron nan ya saya, ko da zai ƙara haƙuri ya tara.

Mushe Lawali: Ranka ya daɗe, ban musa ka ji bambanci ba, kuma in daga ramin kwamfuta ka taso dole ka ji. Abin da nake tsoro shi ne ƙarfi. Yawancin DAC na tebur volt 2 suke fitarwa ta RCA, ramin abin kunne sau da yawa bai kai haka ba, kuma kunne in ya ji abu ya ɗan fi ƙara sai ya ce ya fi daɗi. In za a gwada biyu tsakani da Allah, a daidaita ƙarfinsu, wani ya riƙa sauyawa a bayanka ba ka gani. Tsakanin DAC biyu masu kyau na yanzu, da wuya ka ware su.

Alhaji Issa: To ka zo gida ranar Juma'a ka sauya mini da hannunka, mu gani.

Mutari mai gyaran rediyo: Alhaji, naka abu ne mai kyau, sai dai irin wanda na gani a falonka USB kaɗai yake karɓa. Telen Habu ba ta da wurin shiga. Nan ya faɗi, ba a kan sauti ba.

Hadiza: Yaya Habu, wace irin waƙa ce cikin kwamfutar tukuna? In irin wadda masu turi ke zuba wa mutane a memori ce, wadda ta bi waya goma ta Xender, yawanci MP3 ne da aka matse zuwa kilobit 128 a daƙiƙa ko ƙasa. Abin da aka yanke ya tafi, DAC ba ya dawo da shi, sai ma ya ƙara fito da shashshakar. Ni karatun Alƙur'ani na fi saurare, kuma sai da na samu fayiloli masu nauyi na fara jin numfashin mai karatu da amon masallacin. Ka nemi FLAC, wato fayil ɗin da ba a yanke wa sautinsa komai ba, ko MP3 na 320. Wannan bai cin ko dala daga jika sittin ɗinka, data kawai.

Habu: Gaskiya ne ƙanwata, rabi irin na memori ne. Amma akwai faifan CD na kawu cike da kwali, su nake kwafewa zuwa FLAC a hankali.

Sale: To ga sunaye, tunda ni ke yawan yin odar irin kayan nan. Uku na sani da hannuna. FiiO D03K ƙaramin akwati ne, yana karɓar TOSLINK da koaksiyal, ba ya karɓar sauti ta USB, don haka tele kaɗai zai yi maka. SMSL SU-1 yana da duka ukun, an fitar da shi kan dalar Amurka 80 ko kusa. Topping E30 II Lite wajen dalar Amurka 100, cikakken E30 II kuma wajen 150. SU-1 da Lite ɗin duka ƙwaƙwalwar AK4493S ta kamfanin AKM na Japan ce a cikinsu, ka ga ba a nan bambancin kuɗin yake ba. Topping yana da allo da rimot, kuma ramin wutarsa daban da na sauti. SU-1 rami ɗaya na USB-C ke ba shi wuta da sauti, in za ka kalli tele sai ka bar shi jone da kwamfuta ko ka sauya masa caja. In ta Faransa wani zai riƙo maka, lissafi mai sauƙi ne, yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike. In ta Kano ne, ka tambayi canjin naira ranar, ka sa kuɗin mota a kai. Da jika sittin SU-1 zai shigo har gida. Lite ɗin zai ɗan haura.

Ƙananan baƙaƙen akwatunan nan marasa suna da ake samu a Kasuwar Dole su ma suna mai da TOSLINK zuwa RCA, don labarai da ƙwallo sun isa. Ga kiɗa, wani ka dace, wani yana huci.

Mutari mai gyaran rediyo: Ni ramin wuta daban ɗin nan shi ya sa na fi karkata ga Topping, saboda garin da muke. Volt 5 yake ci, ƙaramin batirin cajin waya zai riƙe shi, kuma wutar batir ba ta da dattin caja. Wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, babu ruwansa. Amfilifayar ce abin ji, tsohuwa ce mai babbar taransifoma, a sa mata sitabilaiza. Masu sola kuma su lura, ƙaramar inbata mai araha ba ta fitar da wuta sumul, za ka ji taransifoma kanta tana kuka cikin akwati, wannan ba DAC da zai gyara. Lokacin bazara da zafi ke wuce 40, kar ka ɗora DAC bisa ramukan iskar amfilifaya. Kunnawa: DAC farko, amfilifaya ƙarshe. Kashewa: amfilifaya farko.

Sale: Kar a manta, cikin saitin sautin tele ka zaɓi PCM. In ka bar shi kan Dolby, ko shiru za ka ji ko shiii mai ƙarfi, ka ɗauka kaya ne suka lalace. Bakin wayar TOSLINK kuma akwai ɗan murfin roba, a cire kafin a soka. Ramin da ba ka amfani da shi ka rufe, ƙurar hunturu ba ta barin komai.

Habu: Allah ya saka da alheri. Zan ƙara kan abin da ke hannuna in ɗauki E30 II Lite, rimot ɗin ma zai yi wa Inna amfani in tana kallo. Saura ƙugin caji, Malam Mutari.

Mutari mai gyaran rediyo: Kafin ka tura wa Sale ko sisi, yau ka jona caja da amfilifaya a soket guda ka saurara. In bai tafi ba, kawo kwamfutar da cajarta shago bayan la'asar, mu gwada da wata caja. In Alhaji zai ara mana nasa na yini ɗaya, sai mu ji ko ƙugin na biyo USB. In yana biyowa, akwai ɗan abin da ake sawa tsakani mai raba layin ƙasa, sai a haɗa shi cikin odar gaba ɗaya.

Alhaji Issa: A turo yaro ya ɗauka gobe da safe. A dawo mini da shi kafin Juma'a, Mushe na zuwa.