Wane ne mai gangar da ke cikin wannan tsohon kiɗan?

Ɗan Makaɗa, wani ƙauye kusa da Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar kasuwa na kai waya caji, yaron shagon ya tura min wani tsohon kiɗan Amurka, sunan Martin Denny ne a jiki. Ana buga 'yan ƙananan ganguna da yatsu, can ƙasa-ƙasa kuma ga kukan tsuntsaye da kwaɗi, sai ka ce fadamarmu da damina. Na kunna wa Baba, wanda tun yana saurayi yake kaɗa wa mahauta kalangu. Bai ce uffan ba har ya ƙare, sannan ya ce in nemo masa sunan mai gangar, don ya san ba shi aka rubuta ba. Don Allah wa ya san shi?

Malamin Firamare, Gumel:
Wa alaikumus salam. Baba ya gano gaskiya, shi Denny piyano yake kaɗawa. Mai gangar Augie Colón ne, ɗan tsibirin Hawai. Gangunan nan tagwaye sunansu bongo, tsakanin gwiwoyi ake matse su. Kukan tsuntsun ma da bakinsa yake yi. Asalin abin, suna wasa ne a wani otal a unguwar Waikiki ta can Hawai, kusa da kududdufi, sai kwaɗi suka riƙa amsa musu, in sun tsaya su ma su yi shiru. Daga nan makaɗan suka fara kwaikwayon tsuntsaye, jama'a suka so abin. Faifansu Exotica ya fito a 1957, a 1959 ya zama na ɗaya a Amurka. Colón ya rasu a 2004, ɗansa Lopaka ya gaji gangar har da kukan tsuntsun.

Yaya Babba, Ɗambatta:
Ƙanena, ni akwai abin da ke sosa min rai game da kiɗan nan. Wani mai ganga a irin wannan kiɗan, Chaino, an tallata shi da cewa shi kaɗai ya rage daga wata ƙabila a dajin Afirka, alhali Leon Johnson ne, haifaffen Amurka. Hannu yana da shi, wallahi, amma sai da aka rataya masa tatsuniya kafin a saurare shi.

Ɗan Makaɗa:
Na gode Malam, na gode Yaya. Na karanta wa Baba bayan la'asar. Da na zo kan Lopaka ya ce, "Ashe su ma suna da gado." Sai ya sa ƙanena ya sauko masa da kalangu daga jikin bango, ya ce in sake kunnawa daga farko.