Korona ce ta cinye jarin?

Alhaji na Kasuwar Dole: Salamu alaikum mutanen Damagaram. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Wata 'yar tuwo-tuwo ta ɗauki shinkafa da mai a shagona tun 2020, na jika 85. Har gobe in na aika yaro sai ta ce korona ta cinye jari. Wace korona? A Yamai aka hana fitar dare, ba a nan ba, kuma ba wanda ya daina cin abinci. Masu sayar da abinci riba suka kwasa a lokacin nan, kukan ƙarya suke.

Hajiyar Zango: Alhaji, gyara kalamanka. Su wa kake kira 'yan tuwo-tuwo? Ni gidan abinci gare ni, da tebur da 'yan aiki, ina biyan harajin patanti.

Alhaji: Hajiya, ba da ke nake ba.

Hajiyar Zango: Ka yi mana kuɗin goro, ka ce ba da ni kake ba?

Ɗan Birni: To mene ne aibin tuwo-tuwo? Da shi kakata ta aurar da 'ya'yanta duka. Allon da kuka kafa a ƙofa ne ya sauya miyar?

Hajiyar Zango: Ɗana, ranar da ka fara biyan hayar shago ka dawo mu yi magana.

Ɗan Birni: Inna, ke ma a bakin tasha kika fara, kowa ya sani.

Mushe Lawali: Don Allah mu koma kan riba. An rufe makarantu ran 20 ga Maris, ba a koma ba sai 1 ga Yuni. Mai dafa wa ɗaliban jami'a shinkafa da wake, wa za ta sayar wa? Da aka killace Yamai motoci suka tsaya, masu abincin tasha suka rasa matafiya. Ƙarshen Afrilu azumi ya kama, cinikin rana ya mutu. Ga Najeriya ta rufe iyaka tun Agustan 2019.

Mai Kabu-kabu: Mushe, albashinka bai tsaya ba, shi ya sa lissafi ke maka daɗi.

Hajiyar Zango: Ba wanda ya taɓo zancen ruwa. An ce mu aje bokiti da sabuni a ƙofa, tsakiyar bazara, a garin da jarka ke kwana a layin famfo. Mutum ya zo ya wanke hannu har gwiwa, ya haɗa da fuska, wani har da ƙafa, ya ci na dala 50 ya yi gaba. Tuwon da ya kwana kuma sai almajirai. Wannan ce ribar?

Ɗan Sabon Gari: Ai gwamnatin Issoufou ta ɗauke wa talakawa kuɗin ruwa da wuta na Afrilu da Mayu. A riƙa faɗin alheri.

Hajiyar Zango: Ga mai famfo a gida. Ɗan garuwa bai yafe mini ko dala ba.

Mai Kabu-kabu: Ɗan jam'iyyar PNDS-Tarayya ya leƙo! Ku da kuka rufe masallatai har 13 ga Mayu, kasuwa kuwa tana ci. 'Yan Mirriya da suka yi bore sun nuna muku su maza ne.

Ɗan Sabon Gari: Tayar da fitina ne mazantaka? Har Umara aka dakatar a Makka, can ma Tarayya ce?

Ɗan Birni: Ni dai a gaya mini, daga tebur nawa tuwo-tuwo ke zama gidan abinci?

Alhaji: Jama'a, zancen bashina fa?

Mai Kabu-kabu: Ɗan Birni, daga ranar da aka fara rage malmala ana ƙara kuɗi.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na ga an tsaya a kai: masu gidan abinci asara suka tafka, Mushe ya kawo hujja, Hajiya ta ƙarasa. Ni shaida ne, a wurinta nake cin rana, ko sau ɗaya ba ta rage mana nama ba. Alhaji ya janye kalmar nan, ya ƙara haƙuri da baiwar Allah. Siyasa kuwa Ɗan Sabon Gari ne ya jawo ta. Ɗan Birni, ka bai wa Hajiya haƙuri kafin la'asar, in ba haka ba zan cire ka.